Nauyin da Ya Dace a Ba Makin Sharhin Wasannin Bidiyo

Makin sharhi shi ne lambar da mujalla ko shafin intanet ke ba wasan bidiyo bayan wani marubucinsu ya buga shi, ya kuma rubuta ra'ayinsa a kai. Wasu kan bayar bisa 10, wasu bisa 100, wasu kuma da taurari biyar suke aiki. Mujallar Famitsu ta ƙasar Japan, wadda ta soma fitowa a 1986, nata salon daban ne: mutum huɗu ke buga wasan, kowa ya faɗi makinsa bisa 10, a tara a sami jimla bisa 40. Dalilin da ya sa ake bin waɗannan lambobi ba ɓoyayye ba ne. Sabon wasa na PlayStation 5 yakan kai dala 70, kuma ba a sanin kyansa ko muninsa sai an ɓatar da sa'o'i a kansa. Matashin da ya jima yana tara kuɗi yana da haƙƙin ya nemi wanda zai gaya masa a taƙaice ko kayan sun ci kuɗinsu. Inda ake yin kuskure shi ne a ɗauki lambar tamkar awo ne da na'ura ta yi, alhali kuwa ra'ayin mutum ne aka rubuta da alƙaluma.

Lambar da ta fi kowace tasiri a yau ita ce ta Metacritic, shafin da aka buɗe a Amurka a 2001. Shi ba ya yin sharhi da kansa. Aikinsa ya tattaro makin mujallu da shafuka, ya mayar da kowanne bisa 100, ya fitar da matsakaici guda. Sai dai ba irin matsakaicin da ake koyarwa a darasin lissafi ba ne, domin yana fifita makin wasu kafofi a kan na wasu, kuma bai bayyana wa jama'a nauyin da yake ba kowacce ba. Daga nan sai ya shafa wa lambar launi: daga 75 zuwa sama kore, daga 50 zuwa 74 rawaya, ƙasa da 50 ja. A wajen sauya makin ma ana asarar ma'ana. Mai sharhin da ya ba wasa taurari uku cikin biyar yana iya nufin wasan na da daɗi amma da 'yan kurakurai. Da zarar an mayar da shi bisa 100 ya zama 60, lambar da mai saye zai gani ya kau da kai. A 2015 aka kafa OpenCritic, wanda ba ya fifita wata kafa a kan wata, amma shi ma lamba guda yake fitarwa daga ra'ayoyi barkatai.

Rabin sikelin na ƙasa kusan ba a taɓa shi. Ɗalibin jami'a a Nijeriya ya saba da cewa 70 ita ce A, don haka idan ya ga wasa ya ci 70 zai zaci an yaba masa matuƙa. A makarantun Amurka kuwa, inda yawancin manyan shafukan sharhi suke, 70 da 'yan kai C ce, kuma da wannan idon masu karatunsu ke kallon lambar. Akwai kuma wani dalili. Wasannin da ke fitowa a kasuwar Steam kaɗai sun haura dubu goma a shekara, babu mujallar da za ta iya bin su duka. Waɗanda editoci ke zaɓa su ne na manyan kamfanoni da waɗanda aka riga aka ji labarin kyansu, wato an tace su tun kafin a fara ba su maki. Shi ya sa mafi yawan sanannun wasanni suke cunkushe tsakanin 70 da 90. A cikin wannan ɗan tsukin, tazarar maki uku ko huɗu ba ta nuna komai. Mai sharhi ɗaya da wasan bai kwanta masa ba ya isa ya sauko da 86 zuwa 85, kuma gardamar da matasa ke tafkawa a kan cewa wasan da ya ci 88 ya fi wanda ya ci 84 gardama ce a kan abin da lambar ba ta iya aunawa.

Kamfanoni dai sun ɗora wa wannan ɗan bambanci nauyin da ya fi ƙarfinsa. Fallout: New Vegas ya fito a 2010 daga kamfanin Obsidian Entertainment. A 2012 Chris Avellone, ɗaya daga waɗanda suka tsara shi, ya bayyana cewa yarjejeniyarsu da kamfanin Bethesda ta tanadi ƙarin kuɗi idan wasan ya kai 85 a Metacritic. Ya tsaya a 84, ba su sami ko sisi na ƙarin ba. Yau kuwa ɗimbin masu bin jerin wasannin Fallout suna ɗora shi a saman 'yan'uwansa da suka fi shi maki. Kamfani yana da uzurinsa, domin yana son lamba da zai rubuta a takardar yarjejeniya. Mai wasa ba shi da wannan larura, bai kamata ya ari ɗabi'ar ba.

Matsakaici kuma yana ɓoye saɓani. Death Stranding, wanda Hideo Kojima ya jagoranci yin sa, ya fito a 2019. Famitsu ta ba shi 40 bisa 40, GameSpot ya ba shi 9, IGN na Amurka kuma 6.8. Da aka haɗa duka sai ya tsaya a 82. Wanda ya ga 82 zai zaci wasa ne da kowa ya ce ba laifi, alhali wasa ne da ya raba kawuna. Yawancin sa'o'insa tafiya ce da kaya a goye, ana ratsa duwatsu da rafuka a kaɗaice. Wasu sun sami natsuwa a cikin wannan, wasu kuma gundura kawai suka samu. Abincin wani gubar wani. Wasa biyu na iya cin 80, ɗaya kowa ya ba shi 8, ɗayan kuma rabi sun ba shi 10 rabi sun ba shi 6, kuma lambar ba za ta bambanta su ba. Wanda ya buɗe jerin makin ya dubi na sama da na ƙasa, ya karanta dalilin kowannensu, ya fi wanda ya tsaya a kan jimla sanin abin da zai saya.

Yanayin da mai sharhi ke aiki a ciki ma ya bambanta da na mai saye. Kyauta ake ba shi wasan, don haka zafin kuɗin ba ya taɓa shi. Kamfani ne ke ba shi kwafi kafin ranar fitowa, tare da sharaɗin ranar da zai iya wallafa sharhinsa, kuma sau da yawa kwanakin ba su da yawa. Wasan da aka tsara a buga shi a hankali cikin wata biyu, shi sai ya ƙare shi cikin mako guda. Ga shi kuma ya buga ɗaruruwan wasanni, abin da zai burge sabon shiga shi ya riga ya gaji da shi, sabon salo kuwa yakan ɗauke masa hankali ko da bai yi armashi sosai ba.

Zargin da ya fi yawo a bakin matasa shi ne cewa sayen makin ake yi. Akwai abin da ya haifar da zargin. A watan Nuwamba na 2007 shafin GameSpot ya sallami Jeff Gerstmann, ɗaya daga manyan editocinsa, jim kaɗan bayan ya ba Kane & Lynch: Dead Men 6 bisa 10, a daidai lokacin da tallan wasan ya cika shafin. A 2012 Gerstmann ya tabbatar da cewa korar tasa tana da nasaba da matsin lambar masu talla a kan shugabannin shafin. Amma abin lura a labarin shi ne marubucin ya faɗi gaskiyarsa har ta ci aikinsa. Jifan kowane mai sharhi da zargin cin hanci don kawai makinsa bai yi wa mutum daɗi ba zalunci ne, kuma ƙazafi ne idan babu hujja. Tasirin da kamfanoni suka fi yi ba ta hanyar kuɗi ba ne. Su ke zaɓar wanda za a ba kwafi, da ranar da za a ba shi, da na'urar da zai buga a kai.

Cyberpunk 2077 ya nuna hakan ƙarara. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da shi ranar 10 ga Disamba 2020. Kafin ranar, kwafin kwamfuta kaɗai aka raba wa masu sharhi, kuma makin da ya fara bayyana ya kai wajen 90. Miliyoyin mutane kuwa a PlayStation 4 da Xbox One suka saya, inda wasan ke sarƙewa, hoto ya dusashe, wani lokaci ya mutu gaba ɗaya. Da aka zo aka yi sharhin kwafin PlayStation 4, 57 ya ci. Bayan kamar mako guda Sony ya cire wasan daga kantinsa na intanet, ya mayar wa masu so kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai watan Yuni na 2021. Masu sharhin farko ba ƙarya suka yi ba, abin da suka buga suka faɗa. Wanda ya ɗauki makin kwamfuta mai tsada ya sayi kwafin tsohuwar na'ura shi ya kwana ciki. Metacritic yana ware makin kowace na'ura daban, kuma wanda ya shafi mai saye shi ne na na'urar da ke ɗakinsa.

Maki yana da ranar da aka ba shi, wasan zamani kuma ba ya zama yadda ya fito. Ƙa'idar Metacritic ita ce ya riƙe makin farko da kafa ta bayar, ko da daga baya ta sauya ra'ayi. No Man's Sky, na wani ƙaramin kamfani a Ingila mai suna Hello Games, ya fito a watan Agusta na 2016 babu da yawa daga abubuwan da aka yi alkawari, ya ci 71 a PlayStation 4. Kamfanin ya shafe shekaru yana ƙara masa abubuwa kyauta har ya zama wani wasa daban, amma 71 tana nan liƙe da shi. Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi cutarwa. Gran Turismo 7 ya fito a watan Maris na 2022 da maki 87. Lokacin da masu sharhi ke buga shi ba a buɗe sashen sayen kuɗin cikin wasa da kuɗin gaske ba. Bayan fitowarsa aka buɗe, sannan wata sabuntawa ta rage ladan da ake samu a wasu tsere, ga kuma wata matsala da ta hana buga yawancin wasan fiye da kwana guda, domin ba ya aiki sosai sai da intanet. Daga baya waɗanda suka yi wasan sun nemi afuwa sun gyara. Babu ko ɗaya daga wannan a cikin 87.

Ganin haka wasu kan ce su makin jama'a kawai suka yarda da shi, wato wanda masu wasa da kansu ke bayarwa. Shi ma da nasa ciwon. The Last of Us Part II ya fito ranar 19 ga Yuni 2020, masu sharhi suka ba shi 93. Cikin 'yan sa'o'i dubban mutane suka yi masa ruwan sifili a Metacritic, alhali wasan yana cin fiye da sa'a 20 kafin a ƙare shi, kuma shafin ba ya tantance ko mai ba da maki ya mallaki wasan. Wasu kuma suka mayar da martani da ruwan 10. Wannan ƙidayar fushi ce, ba sharhi ba. A watan da ya biyo baya Metacritic ya sa dokar jiran sa'a 36 bayan fitowar wasa kafin jama'a su fara ba da maki. Tsarin Steam ya fi wannan inganci, domin sai wanda ke da wasan zai yi sharhi, ana nuna sa'o'in da ya buga, ana kuma ware sharhin kwanan nan daga na tun farko. Ra'ayin wanda ya yi sa'a 60 a kan wasa ya fi na wanda ya yi minti 20 nauyi.

Duk da haka fushin jama'a yakan ɗauko labarin da ƙwararru ba su kawo ba. A watan Mayu na 2024 Sony ya sanar da cewa dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa shi da asusun PlayStation Network, aka kuma daina sayar da wasan a ƙasashe fiye da 170 da ba a buɗe wannan asusu a hukumance, ciki har da mafi yawan ƙasashen Afirka. Sharhin ƙin amincewa ya yi ta kwarara a Steam, cikin 'yan kwanaki Sony ya janye dokar haɗa asusun. Saboda haka idan makin jama'a ya faɗi warwas, abin yi shi ne a binciki dalili. Wani lokaci hayaniya ce kawai, wani lokaci kuma magana ce da ta shafi aljihun mai saye kai tsaye.

Matashin da ke Kano ko Maraɗi ko Kumasi yana da tambayoyin da mai sharhi a Landan ko San Francisco bai cika yi ba. Nawa ne girman wasan, data nawa zai ci kafin ya sauka, kuma sabuntawa nawa za ta biyo baya? Yana aiki ba tare da intanet ba? Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, daga ina za a ci gaba? Idan na waya ne, zai tafi daidai a kan Tecno ko Infinix mai matsakaicin ƙarfi, ko kuwa wayar za ta ɗau zafi batir ya zube? Wasan da ake fafatawa da wasu ta intanet yana iya cin 90 a inda layi ke da sauri, ya zama abin takaici a inda saƙo ke jinkiri kafin ya je ya dawo. Taurarin Google Play ma ba su cika amsa waɗannan ba, musamman da yake wasanni da yawa kan roƙi tauraro tun a mintunan farko, kafin talla ta fara yawa, kafin kuma a iso inda ba a wucewa sai an biya.

Wasannin ƙwallon ƙafa, waɗanda su suka fi cika gidajen gem, suna da nasu hukuncin. Kusan kowace shekara ake fitar da sabo, mai sharhi kuma abin da yake aunawa shi ne me aka ƙara a kan na bara. A 2020 IGN ya ba kwafin FIFA 21 na Nintendo Switch maki 2 bisa 10, saboda kusan babu abin da aka sauya sai sunayen 'yan wasa da riguna. Ga wanda ke da na bara wannan gargaɗi ne mai amfani. Ga wanda bai taɓa mallakar ko ɗaya ba, lambar ba ta ce ƙwallon ba ta buguwa ba. A wani gefen kuma, lokacin da Konami ya sauya PES zuwa eFootball a 2021, fitowar farko ta ci 25 a kwamfuta, masu wasa ma suka yi tir da ita. A nan bakin ƙwararru da na jama'a ya zo ɗaya, kuma idan haka ta faru a can ƙasan sikeli ko a can samansa, lambar abin dogaro ce. Maki rariya ce mai manyan ƙofofi: tana raba tsakuwa da gari, amma ba ta bambanta gari mai laushi da wanda ya fi shi laushi.

Akwai kuma abin da makin bai taɓa ɗaukar alkawarin faɗa ba, wato ko abin da ke cikin wasan ya dace da shekarun mai bugawa da tarbiyyarsa. Grand Theft Auto V ya ci 97 a 2013, kuma wasa ne na manya, cike da kisa da batsa da ashar. Lambar ƙwarewar aiki take yabawa. Mai son sanin abin da ke ciki sai ya dubi alamar shekaru: ta hukumar ESRB da aka kafa a Amurka a 1994, ko ta PEGI da Turai ke amfani da ita tun 2003, wadda ke rubuta 3, 7, 12, 16 ko 18 a jikin kwali. Wannan ya fi zama wajibi ga yayan da ke ajiye na'ura a ɗakin da ƙannensa ke shiga. Haka nan akwatunan sa'a, inda ake biyan kuɗin gaske a buɗe ba tare da sanin abin da zai fito ba. Bayan ce-ce-ku-cen da Star Wars Battlefront II ya tayar a 2017, hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni caca ce. Tun 2020 ESRB da PEGI suna sa alama ta musamman a kan wasan da ke da su. Wasa na iya cin 85 yana ɗauke da wannan tarko, kuma matashin da ke kiyaye addininsa da aljihunsa ba zai sami gargaɗin a cikin lambar ba.

Su kansu masu sana'ar ba su gama gamsuwa da makin ba. Eurogamer ya daina ba da lamba a 2015, Polygon ya bi sahu a 2018, dukansu don a koma karanta abin da aka rubuta. A 2023 Eurogamer ya dawo da taurari biyar, abin da ke nuna cewa masu karatu na son taƙaitawa, kuma son nan ba laifi ba ne.

Abin da ya dace da mai wasa shi ne ya ba lambar aikin da take iyawa, na tankaɗe na farko. Wasan da ya faɗi ƙasa da 60 a wurin kafofi da yawa galibi yana da lahani na gaske, wanda ya haura 90 galibi an ƙware wajen yin sa, ko da ba lallai ya dace da kowa ba. Abin da ke tsakani sai an karanta. Sharhi biyu ko uku sun isa, a haɗa da na wanda ya fi kowa kushe wasan, domin aibin da ya dame shi yana iya zama wanda bai dami mai saye ba, ko kuma ya zama daidai abin da ba zai iya jurewa ba. Yana da amfani mutum ya riƙe mai sharhi ɗaya ko biyu da ya daɗe yana bi har ya san inda ɗanɗanonsu ya zo ɗaya da inda ya saɓa. Mai sharhin da aka san ba ya son wasan tsere, idan ya yabi wani wasan tsere, yabon nasa ya fi na mutum goma da ba a sani ba. Sannan gani ya kori ji: minti goma na bidiyon wasan ana buga shi a kan irin na'urar da mutum ke da ita, ba tallan kamfani ba, yana warware abin da dogon rubutu bai warware ba. Masu Digital Foundry sun shahara da gwada yadda wasa ɗaya ke tafiya a na'urori daban-daban.

Saye tun kafin fitowa shi ne inda aka fi yin asara, domin a lokacin babu sharhi ko kaɗan, ko kuma akwai na kwafin da kamfani ya zaɓa kawai. Jiran mako biyu ko uku yana ba da damar jin bakin waɗanda suka saya da kuɗinsu, a ga ko an buɗe wani kanti a cikin wasan, a kuma sami gyaran farko. Jiran 'yan watanni kuwa sau da yawa yana zuwa da ragin farashi. Dokar mayar da kuɗi ma ta bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma gara a san ta kafin a biya. Tun 2015 Steam yana mayar wa mai saye kuɗinsa idan ya nema cikin kwana 14 kuma bai buga wasan ya kai sa'a 2 ba, wanda hakan ya isa a gane ko kwamfutar za ta ɗauke shi. A kantin PlayStation ma kwana 14 ne, amma da zarar an fara sauke wasan damar ta wuce, sai dai idan kayan na da lahani.